Butar Surukata da Tukunyar Bango

Wanda duk ya ce maka Guangzhou ba sanyi, a lokacin zafi ya zo sarin kaya. Sanyin garin jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake nema, kuma gidajen ba a gina su da tunaninsa ba. A irin wannan sanyi matata ta haifi ɗanmu na fari, ɗan mitsitsi, bakwaini. Likita ya ja min kunne: ɗakinsa kada ya yi sanyi.

Ni da nake cinikin wandunan jins har in sa mai shago hawaye, ban yi tayi ba na kira wani ɗan China mai aikin famfo. Ya kafa mana tukunyar gas a bangon kicin, farin akwati da injin tura ruwa a cikinsa. Ya ja bututu biyu zuwa ɗakin mai jego, ɗaya ya kai ruwan zafi cikin wani ƙarfe kamar lagireton mota, ɗaya ya dawo da shi. Ya nuna min wata allura kamar ta agogo a jikin akwatin, ya ce ruwan ciki ƙirgagge ne, zagayawa kawai yake yi, in ya ragu allurar za ta faɗi injin ya tsaya. Na ce na gane. Ban gane komai ba.

Sati guda ɗaki ya yi ɗumi. Sai surukata Hajiya ta sauka daga Kano don wankan jego, na kwashe tabarmata na koma falo. Tun daga ranar, kullum kafin hantsi allura ta faɗi, ƙarfe ya huce, yaro ya kama atishawa.

Sau uku ina kiran mai famfo. Ya ƙara ruwa, ya bi bututu da tocila, ya ce, “Meyo, lauban,” wato babu yoyo, maigida. Ni kuwa na zage shi da Hausa, na ƙara da Turanci. A Xiaobei, unguwar ’yan Afirka, ba teburin shayin da ban ɓata masa suna ba. Wani abokina Bamaraɗe ya ba ni shawara in ƙara inji na biyu. Da na faɗa wa mai famfon, ya dafe kai ya ce inji biyu a bututu ɗaya dambe za su yi.

A zuwa na huɗu ya nemi ganin ɗakin. Hajiya ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Bai yi minti ɗaya ba ya fito yana ƙunshe dariya, ya nuna min da yatsa. A gindin ƙarfen akwai ɗan famfon da ake zubar da ruwa in za a yi gyara. Ga butar Hajiya a ƙarƙashinsa, tana tururi.

Ashe baiwar Allah kunyar ratsa falo take yi ina zaune, shi ya sa ba ta zuwa kicin. Ta ga famfo mai ruwan zafi a gefen gado, ta ɗauka don alwala aka sa shi.

Na ba mai famfo haƙuri, ya tafi yana dariya har cikin lif. Na ce wa matata ta gaya wa uwarta. Ta ce, “Ni? Kai ka sayi abin, kai za ka faɗa.” Kwana biyu ina ƙara ruwa a ɓoye kamar ɓarawo. A na uku yaron ya fara tari, tsoro ya fi ƙarfin kunyata.

Na durƙusa a bayan labule. “Hajiya, a gafarce ni. Ruwan famfon nan shi ne yake ɗumama ɗakin. In an ɗiba, injin tsayawa yake yi.”

Sannan ta ce, a hankali, “Wato ni ce nake sa wa angon nawa sanyi?”

Na yi ta rantsuwa ba laifinta ba ne. Na sayo mata butar lantarki, na ce zan riƙa barin falon duk lokacin salla. Ba ta taɓa butar ba. Ta ce wa ’yarta ba za ta ƙara taɓa ruwan zafin gidan nan don kanta ba, a bar wa yaro. Mun yi bayani har mun gaji cewa ba ruwa ɗaya ba ne.

Allura ba ta sake faɗuwa ba, tari ya tafi. Amma ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Wata safiya labule ya ɗan yaye, na hango ta bayan ta yi alwala da ruwan sanyi. Yaron yana ta kuka, ita kuma ta cusa hannayenta a hammata, tana jira su yi ɗumi kafin ta ɗauke shi.