Safayar Yaya

Shekarar da yayana ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo. Yana da gonar shinkafa a fadamar Zauro, kuma ya ce manomi irinsa bai kamata a gan shi bayan ɗan kabu-kabu ba. Motar tana tafiya, ban hana mata wannan ba. Matsalarta safaya ce, wato tayar ajiya. A ƙarƙashi aka rataye ta da sarƙa, da an shiga laka sai ta kafe. Ya cire ta ya sa ciki, ta cinye wurin buhunan taki. Mutum mai sauƙin kai da ya ɗaure ta a bisa da igiya ya huta. Yaya kuwa yana da babbar waya da lokaci mai yawa.

Wata Asabar ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar gida, ya miƙo mini wayar. Wasu Turawa ne cikin hamada, ɗayansu ya taɓa wani ƙarfe a bayan motarsa, sai safaya ta buɗe gefe a hankali, ya buɗe but, ya mai da ita ta rufe.

"Ka gani?" in ji shi. "Wanga shi za mu yi."

"Yaya, waɗannan mutane injiniyoyi gare su."

"Mu kuma mi muka da? Ƙarfe ne fa."

Muka tafi wurin wani mai walda a nan Birnin Kebbi, wanda ya yi wa Yaya get da tagogin gidansa. A iya sanina da shi ban taɓa jin ya ce bai iya abu ba. Ya karɓi wayar, ya ɗan leƙa, ya mayar tun Baturen bai gama buɗewa ba.

"Alhaji, irin wanga na yi shi ba adadi."

Ban tambaye shi ko wa ya yi wa ba. A duk garin ban taɓa ganin mota mai irinsa ba, amma wataƙila masu su ɓoye su suke yi.

Kullum na tashi daga ofis sai in biya in ga inda aka kwana. Su biyun sun dace ƙwarai. Yaya ya nuna da bakin makulli, mai walda ya ce daidai, sannan ya yi abin da ya saba. Ya samo fayif mai kauri irin na turakun rumfa. Ya liƙa manyan hinji biyu a kan bamba. Ya sa sakata. Da ya ga tsakiyar ta yi fili, sai ya lanƙwasa siraran ƙarafa ya yi mata fure, ya jera tsinin mashi a sama, ya shafa musu fenti ruwan zinariya. Na ce a wayar ban ga fure ba. Ya ce Turawa ba su san ado ba. Yaya ya gyaɗa kai, ya kuma ja masa kunne cewa ɓarayin taya sun yi yawa, a yi abin yadda ba mai iya taɓa ta.

Ranar da aka ɗora safayar, bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga sama. Na nuna wa Yaya. Ya ja da baya, ya rungume hannu ya ƙare mata kallo.

"Haka motar daji ka tsayawa."

Tafiyar farko Argungu muka yi, ɗauko Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, domin sunan jikan Yaya. Mun fita da hantsi. Bayan mun wuce Ambursa muka faɗa wani rami, na ji ƙara a baya, amma motar ba ta taɓa rasa ƙara ba, don haka ban waiwaya ba. Can wani mai babur ya wuce mu yana nuna bayanmu da hannu. Yaya ya ɗaga masa hannu. Wani ya sake wucewa yana ta ɗaga murya, Yaya ya danna masa oda.

"Mutane sun san abu mai kyau," in ji shi.

Na leƙa madubin gefena. Sakata ta zare, safaya ta buɗe iyakar buɗewarta, tana bin mu a gefen titi kamar wata motar daban. Kafin in yi magana mun iso inda masu albasa ke jera kaya bakin hanya. Ta share kwandon farko, ta share na biyu, ta tafi da laimar mai kayan.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Mai albasar dattijo ne mai haƙuri. Ya tsaya yana kallon mu, tsohon babban ma'aikaci da ƙanensa, mun duƙa muna tsintar albasa a kwalta cikin shaddar zuwa suna. Sannan ya zagaya bayan motar ya duba fure da mashin.

"Alhaji, ƙaura kuka yi? Na ga kun ɗauko ƙofar gida."

Yaya ya sayi duk wadda ta fashe, ya ce dama gida ana buƙatar albasa. Dattijon ya ba mu igiyar da yake ɗaure buhu muka ɗaure safayar.

Muka isa Argungu, Gwaggo ta fito ta ga motar. Ta zagaya ta, ta yi bisimilla, ta shiga baya ta zauna kusa da albasa, da ƙullin busasshen kifinta a cinya. Mun baro Argungu ba da nisa ba tayar baya ta yi faci. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da faci irin Yaya a ranar ba. Ya fito yana naɗe hannun riga, ya kwance igiya, ya buɗe safayar a hankali yadda Baturen ya yi, ya ɗan dakata ko Gwaggo na kallo. Ya sa sifana a noti. Bai motsa ba. Na karɓa na hau da ƙafa, a banza. Da na duƙa na duba sosai, sai na ga kowane noti an bi shi da walda an liƙe, an shafe da fenti.

Yaya ya kira mai walda, ya sa wayar a fili don mu zama shaida.

"Alhaji, ba kai kac ce kada kowa shi iya taɓa ta ba?"

"To ni fa?"

"Ai ba ka ce ban da kai ba."

Gwaggo ta sauko ta shimfiɗa mayafinta a inuwar wata bedi. Ni na tare ɗan kabu-kabu, na rungumi tayar da ta yi faci, muka koma Argungu neman mai faci. Da na dawo na tarar tana cin kifinta, Yaya na zaune can nesa da ita yana duba waya.

"Ɗan nan," ta ce da ni, "ni ban san mota ba. Amma tayoyi huɗu na ta wahala a ƙasa, wadda ba ta aikin komi ita anka gina ma ɗaki da fure?"

Sai bayan la'asar muka isa gida.

Yaya bai saduda ba. Satin da ya biyo ya mai da motar wurin mai walda, aka yanke notocin, aka cire hinjin get aka sa boris na wata matacciyar mota, aka huda sakatar aka sa mata kwado. Furen dai ya ce a bar shi. Gaskiya yanzu abin yana aiki, da yatsa ɗaya ake buɗe shi, ko ƙara ba ya yi.

Sai dai daga baya mai ya yi tsada, jif ɗin kuwa ba ta san ana tsada ba. Tana nan ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfal. Ranar Juma'a yakan sa a wanke ta, a tayar da ita ta ɗan yi ɗumi, a kashe. Gona kuma ni nake kai shi a babur ɗina idan ba ni da aiki, yana bayana yana gaya mini cewa ban iya kauce wa rami ba.