Ranar da Kangwa Ta Yi Wasa da Wadda Ba Abokiyar Wasanta Ba

Kangwa Mulubwa ba ta da ofis, ba ta da albashi. Abin da take da shi murya ce, da fuskar da kyamara ke so, da jakar baya mai ɗauke da riguna uku: ja ta biki, shuɗiya ta talla, baƙa ta makoki. Shekara tara ke nan tana cin abinci da su a Lusaka. Litinin ka gan ta bakin sabon shagon waya a Kamwala tana kiran masu wucewa da lasifika. Laraba tana gaban kyamara tana rantsuwa cewa wani sabulu ya fitar da tabon mai daga rigar mijin da ba ta da shi. Asabar tana sa 'yan biki dariya har kwalliyarsu ta dame. Aikin jarida ta karanta. Ta yi shekara biyu tana jiran wani gidan talabijin ya kira ta, da ta ga jira ba ya sayen garin masara sai ta buga katin sana'arta ta shiga gari.

Tun da 'ya'yan gari suka watsu ƙasashen waje wani aikin ya ƙaru, wato nuna makoki kai tsaye. Dangin da ba su samu zuwa ba su zauna gaban waya a can, ita ta tsaya gaban kyamara a nan tana gaya musu wa ya iso, wa ke magana, me ake ciki. Mai riƙe mata kyamara Sitali ne, dattijo mai furfura da ciwon gwiwa, wanda bai cika magana ba sai ta kama. A sana'ar tasu babu takardar shaida sai bakin mutane. Gida ɗaya ya kore ka, kafin mako ya zagayo matan coci goma sun ji.

Ranar wata Alhamis da azahar, tana cire kwalliyar talla, waya ta shigo daga Ingila. Misozi Jere ce, ma'aikaciyar jinya, cikinta wata tara, likita ya hana ta hawa jirgi. Ƙanenta Masauso ya rasu ranar Litinin a hatsarin mota a hanyar Kafue, yana da shekara talatin da ɗaya. Za a binne shi Asabar.

"Ki zama idona, don Allah," in ji Misozi. "Ba ni da wani ƙane."

Kangwa ta dubi sunan a waya. Jere. Sunan 'yan ƙabilar Ngoni ke nan, mutanen gabas, ita kuwa 'yar Bemba ce gaba da baya. Tsakanin ƙabilun nan biyu wasa ne tun kaka da kakanni, kuma ranar mutuwa ya fi zafi. Abokin wasa kaɗai ke da ikon tsokanar gawa, ya baɗa wa masu makoki hoda a ka, ya tilasta musu cin abinci. Ta tsaya a wani shago ta sayi hodar jarirai, ta hau bas zuwa unguwar Chilenje, inda gidan makokin yake.

Maza na zaune a rumfa a ƙofar gida, sun kewaye wani gungume da ke ci da wuta. Sitali ya kunna kyamara, Kangwa ta gyara murya.

"Kai, mutanen gabas! Wuta haka babu ɓera ko ɗaya a kai? Ko kun cinye kafin baƙi su iso?"

Wani tsoho mai hula ya miƙe, baffan mamacin ne. "Jama'a, kowa ya dafe aljihunsa, Bemba ta shigo! 'Yata, birin da kika karya kumallo da shi bai ƙosar da ke ba?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi da jan ido. Ta baɗa masa hoda a hula, ya sunkuyo da kansa don ta ƙara. Sai ya rage murya ya ce, "Uwarsa na ciki. Kwana uku ko loma ba ta kai baki ba. Ki shiga ki gwada."

Ba ta tsaya tambayar komai a kan uwar ba, ta nufi ciki.

An kwashe kujerun falo, mata na zaune a ƙasa jikin bango, kowacce da zane da ɗankwali, suna rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Uwar tana kusurwa a kan katifa, hannuwanta a cinya. Mutum ɗari biyu da sha huɗu ke kallo ta waya a lokacin. Kangwa ta tsallaka ƙafafu har gabanta.

"Mama Jere, tashi haka nan! Ɗan nan naki wayo ya yi. Ya ga ɓera ya yi tsada a Lusaka, ya tafi ƙarƙashin ƙasa inda ake samu kyauta."

Ta girgiza gwangwanin a kanta.

Waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Hodar ta sauka a kan baƙin ɗankwali, ta gangaro gira. Matar ta ɗago kai a hankali, ba ta share ba.

"Yarinya," ta ce, "sunana Miyanda. Ni 'yar Tonga ce daga Monze. Sunan marigayi mijina kika gani. Ni babu wasa tsakanina da ke."

Abin da ke wasa a bakin abokin wasa, a bakin bare zagi ne. Kangwa ta tsaya da gwangwani a hannu, ta san ta zagi gawa a gaban uwar da ta haife ta. Sitali ya kifar da kyamara ƙasa, amma an riga an gani. Yayan Mama Miyanda, wani dogon makiyayi mai suna Hamoonga, ya leƙo daga ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna mata hanya ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarta a gidan, balle a maƙabarta.

A bakin titi wayar Misozi ta shigo. Kuka take yi. "Na ce ki zama idona, kika sa na ga wannan?" Ta kashe.

"Tafi gida," in ji Sitali yana naɗe igiya. "Zan samo musu wani ya yi Asabar. Ki ɓace wata biyu, mutane na mantuwa."

"Mutane na mantuwa. Ita fa?"

"To me za ki yi?"

"Gobe zan dawo."

"Da wace fuskar?"

"Da wannan. Ita kaɗai gare ni."

Juma'a ƙarfe shida na safe tana ƙofar gidan, babu kwalliya, zane har idon sawu, da farar kaza a hammata. Ba ta nufi falo ba. Ta zagaya baya inda ake girki, ta ɗaure kazar a jikin turke, ta ja tukunyar jiya ta fara kankare ƙanzo. Babu wadda ta ce mata sannu. Wata ta ce, "'Yar talabijin ce, ku ɓoye hoda." Wata ta turo mata sauran tukwanen da ƙafa. Ta wanke su duka. Ta ɗebo ruwa sau tara daga famfon maƙwabta, ta yanka kabeji, ta tuƙa tuwon mutum sittin har tafin hannunta ya yi bororo. Da rana ta take, wadda ta yi maganar hoda ta miƙo mata kofin shayi ba tare da ta dube ta ba.

Sau biyu ta aika a roƙi Hamoonga, sau biyu ya ce bai san da zamanta ba.

Wajen ƙarfe biyu Sitali ya iso yana ɗingishi. Ya dubi hannuwanta, ya yi tsaki.

"Taurin kanki zai kashe ni. Tonga kika ce? Ni Lozi ne. Abokan wasana ne su, ba naki ba. Biyo ni, ki yi shiru."

Ya shiga rumfa ya zauna a kujerar Hamoonga tun kafin mai ita ya gama tashi gaida baƙo.

"Kai, bawan shanu! Ka baro matanka masu ƙaho a Monze ka zo nan kana tsare ƙofa kamar ɗan sanda?"

Hamoonga ya ƙare masa kallo. "Daga ina wannan mai warin kifin? Mun binne guza ne da ka biyo sawu?"

"Guzan ya fi ka hankali, shi yana barin mai laifi ya ba da haƙuri. Yarinya ta yi kuskure, ta wanke muku tukwanen da rabonsu da sabulu tun auren kakarka. Ka buɗe mata, ko in kwana a kujerar nan in sha nonon da ka ɓoye a mota."

Abokin wasa ba a korarsa, ba a kuma yi masa fushi a gaban jama'a. Hamoonga ya gyara gungumen a wuta. Daga baya ya ce, "Ba ni aka zuba wa ba. Ta je ta ji daga bakin mai shi."

Kangwa ta kwanto kazar daga turke, ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta shiga da rarrafe. Ta ajiye kazar, ta durƙusa, ta tafa hannu sau uku a hankali.

"Mama, na zagi ɗanki, na ƙazantar da kanki. Ban tambaya ba, kuma tambayar ita ce aikina. Ba ni da hujja. A gaban mutum ɗari biyu na yi, ina roƙon ki bar ni in ba da haƙurin a gabansu."

Mama Miyanda ta dube ta. "Kin san shi?"

"A'a, Mama."

"To wa kika zaga?"

Kangwa ta sunkuyar da kai.

"Zauna sosai, gwiwarki za ta yi ciwo. Kwana huɗu ana shigowa ana ce mini ya huta, Allah ya fi ni son sa. Babu wanda ya tambaye ni wane ne shi. Kina da abin rubutu?"

Tana da shi. Uwar ta fara, ba ta yi sauri ba. Masauso malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Bahago ne. Ba ya cin kuɓewa. Duk Lahadi ƙarfe huɗu yakan zo ya duba mata hawan jini, ya rubuta a bayan kalanda. Yana ɗan shekara shida ya haɗiye ƙwandala, suka kwana biyu suna jira ta fito, da ta fito ya ce a ba shi abarsa. A nan wasu matan suka yi dariya, suka kama baki. Uwar ta ce su yi, abin dariya ne. Tana cikin magana wata ta ajiye kwanon kunun masara a gefenta. Ta ɗauka ta kurɓa sau biyu, ta ci gaba. Babu wadda ta nuna ta gani.

Sa'a ɗaya da kwata suka yi, shafi biyar.

"Karanta mini."

Kangwa ta karanta. Sau biyu aka gyara mata: shekara bakwai ya yi yana koyarwa, ba takwas ba, kuma kalandar ta coci ce, ba ta banki ba.

"Gobe ki faɗi laifinki a taƙaice, ba ranarki ba ce. Sannan ki karanta wannan. Kada ki ƙara masa gishiri, kada ki yi muryar talabijin. In an fara zuba ƙasa ki rufe bakinki, 'yata ta ji da kunnenta."

Asabar da hantsi, a maƙabarta, Kangwa ta tsaya gaban kyamara cikin baƙar riga. Masu kallo sun haura ɗari huɗu, ta kuma san rabinsu abin kunya suka zo gani. Ta faɗi sunanta, ta faɗi abin da ta yi da wadda ta yi wa, cikin jimla uku. Ta buɗe takarda ta karanta shafi biyar ɗin yadda aka ba ta. Wajen ƙwandala ta ɗan tsaya, sannan ta ƙarasa.

Da aka saukar da akwatin ta durƙusa a bakin kabari, ta miƙa makirufo kusa da ramin. Shebur na shiga, ƙasa na faɗawa kan katako, sautin yana daɗa dushewa. Minti goma sha ɗaya hannunta na miƙe, ba ta sauke ba, ba ta ce uffan ba. A kan allon wayar Sitali saƙon Misozi ya fito: "Ina ji."

Bayan an ɗora furanni jama'a suka nufi motoci. Mama Miyanda ta zo wucewa, mata biyu na riƙe da ita. Ta tsaya daidai Kangwa, wadda ke karkaɗe jar ƙasa daga zanenta.

"Hoton nan da kuka ɗauka, ana iya sa mini shi a waya?"

"Ana iyawa, Mama. Gobe zan aiko."

"Kada ki aiko. Ki kawo da kanki, ki nuna mini inda ake dannawa."