Rigar da Na Mayar Malali

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina riƙe da wannan magana, ko 'ya'yana guntu-guntu suka san ta. Jiya jikata ta tambaye ni me ya sa nake toshe hanci da mayafi in mun shiga gidan mai. Shi ya sa na zauna rubutu.

A farkon shekarun casa'in ina buga tafireta a wata ma'aikata a Kaduna, muna zaune a Unguwar Rimi. Aka tura ni kwas Legas. A hanyar dawowa wasu samari suka miƙe a cikin jirgi da bindiga da jarka, suka ce jirgin ya koma hannunsu. Suka sa aka sauke mu a wata ƙasa maƙwabciya, suka bi mu kujera-kujera suna yayyafa mana fetur, ɗayansu yana kaɗa kwalin ashana.

Kusa da ni wani dattijo ne, Alhaji Garba, mai sayar da yadi, mutumin unguwar Malali a Kaduna. Tun tashinmu yake tsokanata wai 'yan boko ba mu iya taya kaya ba. Da ya ga atamfata ta jiƙe, sai ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa min.

Ya ce, "Riƙe min, 'yata. In mun koma kya kawo min har gida, a wanke, a goge."

Muka yi kwanaki a haka. Ranar da sojoji suka kutsa cikin jirgin, harbi ya kaure. Alhaji ya danna kaina ƙasa ya kifa a bayana. Ina jin bakinsa a kunnena yana kalmar shahada. Can sai na ji jikinsa ya saki.

A gadon asibiti na farfaɗo, ko ƙwarzane babu a jikina.

Da aka dawo da ni gida na tambayi maigidana labarin Alhaji. Ya kalli Inna, mahaifiyata, sannan ya ce, "Yana asibiti a can, yana samun sauƙi." Inna ta ce in gode wa Allah, kada in ƙara tayar da zancen jirgi. Kun san halinmu, ba a gaya wa mara lafiya rasuwa.

Na wanke rigar, na goge, na ajiye a akwati ina jiran ya warke.

Ciwon ya fara ne ranar da maigida ya shigo da jarkar fetur gareji, lokacin ana wahalar mai. Warin na bugo ni, ƙirjina ya riƙe, na zube a tsakar gida. Daga nan abinci ya daina shiga, barci ya gudu. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai a tsince ni a ƙarƙashin tebur.

Aka yi gwajin jini, aka ce maleriya. Aka sake, aka ce taifot. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna zuciya, duk lafiya lau. Na sha ƙarin ruwa har jijiya ta ɓace a hannuna, warwaraina na zinari suka tafi wajen magani. Rubutu kuwa na sha har leɓena ya yi baƙi. Wata gwaggona ta rantse iskokin sama ne suka biyo ni, kamar ba mutane na gani da idona riƙe da ashana ba.

Abin da ya fi cina shi ne, jikina ya san abin da ya ji a jirgin nan, amma kowa yana ce min mutumin yana raye. Sai na fara yarda cewa hankalina ne ya taɓu. Wallahi na ji tsoro.

A ƙarshe wata nas ta ja maigida gefe ta ce ya kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa. Inna ta yi ta kuka, wai za a ce 'yarta ta haukace. Muka tafi ba wanda ya sani sai ita.

Likitan bai taɓa allura ba. Ya bar ni na ba da labarin tun daga farko, karo na farko da wani ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya juya ga maigida.

"Malam, ina dattijon nan yake yanzu?"

Maigida ya sunkuyar da kai. "A cikin jirgin ya cika, likita. Tausayinta muka ji."

Na yi kukan da ban taɓa yi ba. Likita ya ce, "Hajiya, hankalinki ƙalau yake. Makoki ne aka hana ki yi." Ya rubuta min ƙwayoyi, ya ce in riƙa zuwa muna magana.

Da na ɗan ji ƙarfi na ɗauki rigar muka nufi Malali. Matarsa, Hajiya Asabe, ta daɗe da fita takaba. Na durƙusa na ajiye rigar a gabanta, na ce ni ce wadda ya kare. Na zaci za ta tsane ni.

Ta shafa aikin wuyan rigar. Sannan ta ce, "'Yar nan, a can aka binne shi, ba mu ga gawa ba. Na tambayi kowa, ba wanda ya sani. Ya samu yin kalmar shahada?"

Na ce, "Hajiya, a kunnena ya yi ta."

Ta rungume ni tana alhamdu lillahi, muka yi ta kuka. Ashe duk watannin da nake kwance, ita ma tana can tana jiran amsar da ke bakina.

Daga ranar abinci ya fara shiga. Sauƙin ya zo a hankali, har na koma aiki.

Na gode wa Allah, na gode wa maigidana da Inna, don ƙauna ce ta sa su, na gode wa likitan nan da nas ɗin da ban san sunanta ba.

In naku ya tsira daga tashin hankali, ku bar shi ya faɗa har ƙarshe. In gwaji bai nuna komai ba, ku kai shi likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Kuma ku nemi dabarar gaya masa gaskiya da wuri.

Wanda ya karanta, don Allah ya saka Alhaji Garba a addu'a. Na kai masa rigarsa har gida, a wanke, a goge, yadda ya ce.