Turken Da Ba Ya Kwana Huɗu

Shekara bakwai ke nan, in an ƙidaya da kaka, tun da muka kai Illa makwancinsa a bayan ƙauyensu, kan hanyar Affala. Ya ga tutar ƙasarmu ta hau sama, ya ci hatsin damina biyu a cikin mulkin kai, sannan Mai shi Ya karɓi abinSa. Masu karatu ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa shiga biro, wato ofishin gwamnati, ba sai ran da ruwa ya kore shi ya fake a barandar wani. Abin da ya mallaka a duniya gona ce ƙarama, da goɗiya ɗaya, da mata ɗaya, da ƴaƴa mata uku, da ni.

Na sa kaina a lissafi domin ni taubashinsa ne. Shi ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka tun muna yawo ba wando aka ba mu izinin cin mutuncin juna har mutuwa, kuma ba mu yi wasa da wannan izini ba. Ni tela ne a kasuwar Tawa. Shi yana ce mini Mai Allura, wai namijin da makaminsa bai kai tsinken sakace ba. Ni kuma ina ce masa Mijin Gunya. Gunya ita ce goɗiyar, mai launin fura da ta sha nono, kuma na sha rantsuwa a gaban jama'a cewa da za a ɗaura masa aure da ita da ya fi kowa murna.

Ku bari in gaya muku yadda safiyarsa take, don ku san ba ƙarya nake yi ba, ko da yake an san ni da ɗan ƙari. Daga sallame sallar asuba, kafin ya ce wa Hajo matarsa ina kwana, sai ya nufi Gunya. Ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ya sakace kofato da wani ɗan ƙarfe, domin ƙasar Adar duwatsu ce, tsakuwa ɗaya in ta maƙale ta isa ta gurgunta dabba. Ya share mata idanu da gefen rawaninsa. Ya bi bayanta da tafin hannu a hankali, yana neman inda sirdi ya ci. Ya duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne ya ciro kaska. Sannan ya tsuguna a gaban kashin da ta yi, ya fasa shi da kara, ya tsura masa ido kamar kumandan yana karanta takarda daga Yamai. A nan yake sanin ko ta sha ruwa sosai, ko harawar jiya ta yi fumfuna, ko lokacin ba ta kanwa a cikin dusa ya yi. Ruwa kafin hatsi, kullum, ko da sama za ta faɗo. Harawa kuwa sai ya sansana ta kafin ya zuba. Na taɓa ce masa tuwon da yake ba baƙi bai taɓa sansana shi haka ba. Ya ce, “Baƙo shina da bakin ƙorafi, Mai Allura. Ita ba ta da shi.”

Amma duk wannan kowane mai doki na kirki yana yin irinsa. Abin da ya raba Illa da sauran mutane turke ne.

A wajenmu wanda Allah Ya ba doki a ƙofar gida yake kafa masa turke, inda mai wucewa zai gani ya san gidan ba na banza ba ne. Illa kuwa da an gama kwashe amfanin gona sai ya ja goɗiyarsa zuwa tsakiyar gonar, wadda take manne da bayan gidansa, ya kafa turke a can inda babu mai gani sai hankaki. Ya yi mata ƴar rumfa ta kara, mai ƙafa huɗu, wadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa. Bayan kwana uku sai ya tuge turken, ya auna taki goma sha biyu da ƙafarsa, ya sake kafawa, ya jawo rumfar. Haka zai yi ta yi har ruwan farko ya sauka. Turken Illa bai taɓa kwana huɗu a rami ɗaya ba. Kuma kullum daga faƙo yake farawa, wurin da ƙasa ta bushe ta yi tauri har sungumi ke tsalle in an sara.

Shekara ashirin ina yi masa dariya a kan wannan. Na ce goɗiyarsa ta fi Buzu ƙaura. Na ce wata rana zai wayi gari ya ga turken ya kai Takanamat. Ba ya ko ɗaga kai. Gonar kuwa, in kun gan ta, rabinta duwatsu ne, ya tsince su ya jera a kan gangare don su tare ruwa. Maƙwabtansa masu gonaki ninki uku na tasa sukan fara auno hatsi a kasuwa tun bazara, shi kuwa rumbunsa yakan kai shi sabuwar kaka har da saura. Ni a lokacin na ɗauka sa'a ce. Wasu suka ce laya ya binne.

Ciwonsa bai daɗe ba. Na je duba shi da hantsi, ya kama hannuna, ya ce ya bar mini amanar Hajo da yara da gona da Gunya, tunda ba shi da ɗa namiji kuma ƴan'uwansa duk sun tafi Abijan. Na ce ya daina wannan magana, wa zan riƙa zagi? Ya yi murmushi, ya ce, “Turke, Sanda. Kak ka bari shi kwana huɗu.” Ranar kaɗai ya kira ni da sunana. Ni kuwa na ɗauka zafin zazzaɓi ne ke magana.

Yanzu ga inda zan tona wa kaina asiri a jarida. Bayan sadakar arba'in na kwance Gunya na kawo ta Tawa. Na ce wa kaina ai mata ba za su iya da ɗawainiyarta ba. Gaskiyar magana ita ce na daɗe ina son a ga doki a ƙofar gidana. Na kafa mata turke a bakin zaure, na ɗinka mata jalala mai ado wadda ta fi rigata ta salla kyau, na riƙa hawa ranar Juma'a ina ɗaga wa mutane hannu kamar ni na karɓo mulkin kai daga hannun Nasara. Ban zalunce ta ba, Allah Ya sani. Na ba ta ruwa kafin hatsi, na sakace kofato, har kashin na gwada karantawa ban gane ko harafi ɗaya ba. Kowace safiya sai a share shi a zubar a juji bayan gida, don kada ƙofar tela ta yi wari. Da damina kuma na kai gayya aka nome gonar tsaf. A ganina na cika amana har ta tumbatsa.

Damina ta farko hatsi ya ɗan ragu, na ce ruwa ne. Ta biyu ya ragu ƙwarai, na ce tsuntsaye ne.

Wata Lahadi da kaka, kasuwa ta cika, ina zaune a zaure ina taka keken ɗinki, sai ga Hajo. Da ƙafa ta taho tun safe. Muka gaisa, ta sha ruwa, ta leƙa ta dubi Gunya da ta yi ƙiba kamar matar attajiri. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani abu a kan kekena. Zangarniyar hatsi ce, tsawonta bai wuce yatsana ba.

“Tela, ga babbar da munka samu bana.”

Na fara jawabi a kan tsuntsaye. Ba ta saurare ni ba. Ta ce in nuna mata inda muke zubar da shara. Na bi ta bayan gida ina mamaki. To, a kan jujin nan, inda tsabar da ta zube daga bakin Gunya ta tsiro da kanta ba wanda ya shuka ba wanda ya nome, hatsi ne tsaye ya fi ni tsawo, ni da rawanina. Hajo ta karyo zangarniya ɗaya, kamar damtsen ɗan kokawa, ta dawo ta ajiye ta kusa da ƴar ƙaramar.

“Ka gani? Abincin ɗiyana na nan bayan gidanka, awaki na ci.” Ta gyara lulluɓinta. “Maigidana bai bar muna doki don a gani ba. Rumbu bai kai mu watan azumi bana, Tela. In ado kaka so, ka ɗamre kekenka ƙohwar gida, shi ma shina ƙyalli.”

Na dubi zangarniyoyin nan biyu, sai a lokacin na gane. Shekara ashirin ina kallon mutumin nan yana ciyar da gonarsa da goɗiya, yana ciyar da goɗiya da harawar gonar, ban gani ba. Kofatonta ke fasa faƙo. Fitsarinta da kashinta ke shiga ƙasa. Ragowar karan da ta tattake ke riƙe turɓaya kada iska ta kwashe. Kwana uku sun isa wuri ya ƙoshi, na huɗu ɓarna ne, wani wurin yana jira. Ba laya ya binne ba. Turke yake binnewa, ya tone, ya sake binnewa.

Kashegari na ɗora keken ɗinki a kan jaki, na ja Gunya, muka kama hanyar Affala. Mutanen unguwa suka ce tela ya haukace. Hajo ta kai ni gonar ta nuna mini wani farin dutse a gefen yamma. Ashe duk inda ya tsaya in ruwa ya sauka, sai ya ajiye dutse a ramin ƙarshe, don ya san inda zai tashi baɗi. Dutsen yana nan shekara biyu yana jirana. Na ɗauke shi, na kafa turke, na ɗaga tabarya na buga, na sami babban yatsan ƙafata. Ihun da na yi, na tabbata an ji shi a Ƙonni. Shekarar nan sai da muka haɗa rumbuna da nasu kafin muka ga sabon hatsi, kuma ni na san wanda ya jawo.

Tun daga ranar, rani a ƙauye nake yi, Lahadi kaɗai nake shiga Tawa da ɗinkin mutane. Hannuna da ya saba da alharini yanzu in na shafa yadi sai ya kama zare.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Illa zai ce da ya ga yau. Kamyo, babbar motar kaya, na wuce mu a hanya sau biyu, sau uku a yini, mahayin doki sai ya ratse ya ba shi wuri. Samari sun fi son keke da rediyo, kuma da an gama girbi sai su ɗaure kaya su yi kudu, gonaki su yini su kaɗai har ruwa ya sauka. Ba na jin zai yi faɗa, ba mai faɗa ba ne. Zai dai zagaya kamyon nan ya duba ƙarƙashinsa, ya tambayi direba me yake bar wa ƙasa in ya kwana uku a wuri.

Bara wani malamin gona ya zo ƙauyen, yaro mai ladabi, da farin gari a buhu, takin zamani, wanda suke kira angire. Na karɓa na gwada a gefe, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana aiki. Amma da ya hau kan duwatsun Illa ya hango gonar a tsakiyar damina, sai ya ƙura mata ido. Daga can sama hatsin ba bai ɗaya yake ba. Da'ira ce bayan da'ira, kore shar, kowace daidai tsawon igiyar Gunya, sun jeru sun rufe faƙon da ko ƙaya ba ta tsira a kai a da. Ya ciro littafi ya zana. Ya tambaye ni a wace lakwal mai gonar ya yi karatu. Na ce a gindin wutsiyar goɗiya, kuma shi ya zo na ɗaya.

Illa bai bar hoto ba. Kabarinsa ma yau sai Hajo ta nuna, don duwatsun Adar duk kamarsu ɗaya. Amma ƴaƴansa uku sun girma ba su taɓa kai ƙwarya gidan maƙwabta ba sai a shekarar da na yi sarautata ta ƙofar gida. Bana rumbu ya cika har muka ɗora sauran dammuna a kan rumfa. Hajo ta zagaya shi sau biyu, ta ce, “To, Tela, ka kusa zama mutum.” A bakinta wannan lambar girma ce. Gunya ta tsufa, haƙoranta sun yi tsawo, sai an jiƙa mata dusa, amma ta ba mu ƴar dukusa mai irin launinta, ita ma ta fara koyon zagaya turke. In kun hau duwatsun nan da damina za ku iya raba aikinsa da nawa. Layinsa miƙe yake kamar an ja da zare. Nawa kuwa, ni da nake tela, ya karkace kamar tafiyar mashayi.

Allah Ya jiƙanka, Mijin Gunya, Ya sa kabarinka ya fi gonarka ni'ima, Ya yafe mini dariyar shekara ashirin da kuskuren shekara biyu. Da ina da sarari da na ƙara ba masu karatu labarinka, amma shekaranjiya da safe na kafa turke, jiya ya kwana na biyu, gobe in na yi lattin tashi zan ji muryarka a kunnena. Bari in je in nemo tabarya, in kuma janye ƙafata.