Keken Saja Wili

Duk wanda ya zauna a Nasarawa Gwom ya san Baba Audu Boma da kekensa, kuma ya san ba a taɓa ganinsa a kai ba. Kullum da hantsi zai fito da shi, ya goge, ya ɗiga masa mai, ya tura har bakin kasuwa yana ɗingishi a gefe kamar mai rakiyar baƙo. In an tare hanya har ƙararrawa yake kaɗawa. Ni ce jikarsa Hadiza, wadda yake kira Uwargida, kuma na sha kunyar keken nan fiye da kowa.

In ka tambaye shi dalili, amsar ɗaya ce: "Ajiya aka ba ni, ba aro ba."

Mai ajiyar wani saurayin Bature ne, Wili, da ya zo daga Ingila aikin kuza a Bukuru lokacin Baba yana lebura. Da yaƙi ya tashi aka ɗebe su tare zuwa ƙasar Boma, Wili ya zama saja. Ranar tafiya ya miƙa wa Baba keken ya ce ya ajiye masa har su dawo, Baba ya rataye shi a ɗakin mahaifiyarsa. Baba ya dawo, Wili bai dawo ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, don in labari ya zo nan sai Baba ya ce shayinsa ya huce.

Maƙwabcinmu Oga Emeka, mai sayar da kayan keke, ya taɓa kawo masa sabo fil ya ce su yi musaya. Baba ya ce ya fara tambayo mai shi. Emeka ya ce ina mai shi? Baba ya ce Boma, in ya je ya gaishe shi. Duk da haka Emeka ne ya riƙa sauya masa taya kyauta, yana mita wai bai taɓa ganin keken da ke cin taya ba kowa a kai ba.

Baba ba ya ganin farar fata ya wuce. Wata rana a kasuwar Bukuru ya tare wani, ya ƙame, ya sara masa, ya tambaye shi da turancin bariki ko ya san dangin Saja Wili. Ashe ɗan Labanan ne. Ya ce, "Baba, ni a nan Jos aka binne cibiyata." Baba ko a jikinsa, ya ce to, in ya ji labari ya san gidan.

Limamin unguwa ma ya gwada. Ya ce tunda ba a san magada ba, a bayar da keken sadaka. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah gafarta malam, kai aka ba wa ajiyar ko ni?"

Ni kuwa ina shekara goma na faki idonsa na hau. Bai doke ni ba. Ya dai ce ya sake ni saki uku, ya sa na wanke sirdin da sabulu, ya kwana uku bai yi mini magana ba.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ba mutuwa ce ta dame shi ba. Ya ji kawunnaina suna cewa 'yan gwangwan za su kwashe tarkacen ɗakin. Ya kira ni ya ce in karɓi ajiyar. Na ce tsohon miji, ba zan karɓa ba sai ka faɗa mini abin da ya hana ka hawa.

Ya ce a bakin wani kogi harsashi ya same shi a cinya, kowa ya tsallaka aka bar shi. Wili ya komo, ya goya shi, ya shiga ruwa yana zaginsa da gurguwar Hausarsa wai ya cika nauyi. Sun kusa gaci aka harbi Wili. Haka ya ƙarasa da shi, ya sauke shi a kan yashi, ya kwanta kusa da shi bai ƙara tashi ba.

"Na hau bayansa sau ɗaya, Uwargida," in ji Baba. "Ya isa."

Na yi kuka, na kuma ji kunyar kunyar da na sha. Yanzu keken yana ɗakina. Ranar Juma'a nakan tura shi zuwa shagon Emeka in dawo, yara suna dariya, ina kaɗa musu ƙararrawa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya sauke amanarsa. Mai keken kuwa, ban san inda aka binne shi ba, amma ya Allah, Kai Ka ga abin da ya yi a kogin nan.