Yatsun Baba

Da hannun dama abin ya fara. Idan Baba ya zauna a ƙofar gidanmu a Ɗanzomo ya ɗora hannu a gwiwa, sai babban yatsansa ya dinga murza manuniya ba tsayawa, kamar mai jan carbi. Alhali carbin yana cikin aljihu.

Baffa, yayan Baba, shi ya fara sa wa abin suna. Ya ce yatsu ne suka saba da ambaton Allah har suka daina jiran mai su. Kafin damina ta fita zance ya zaga gari. Masu dawowa daga kasuwar Maigatari suna ratsowa gaisuwa, wata mata har jaririnta ta kawo a shafa masa kai. Mutumin da iyakarsa gero da wake da salla a kan lokaci, ga shi an mai da shi waliyyi.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. A Gumel nake koyarwa, ranar Juma'a nake zuwa gida, kuma duk zuwa sai na tarar wani abu ya ragu. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Fuskarsa ta daskare, ko jikoki sun yi abin dariya ba ta motsi. Tashi daga sujada ya zama aiki, sai na tallafe shi a sahu. Rannan ya faɗi a bakin rumbu ya fasa goshi. Tun daga nan ko ina gaban aji, wayata na motsi gabana zai faɗi.

Na kawo zancen asibiti, Baffa ya taso mini.

"Kai dai boko ya gama da kai. Baiwar Allah za ka kai wa likita ya cire?"

"Baffa, baiwar ce ta fasa masa goshi?"

Ya kira ni mara kunya, ban musa ba. Baba yana zaune bai ce uffan ba, yatsu suna ta aikinsu, kuma shirun nan nasa ya fi komai ba ni haushi. Washegari ina shirin hawa mota, na waiga na gan shi yana jan ƙafa a bayana, da hularsa ta zuwa unguwa.

"Mu je," ya ce.

Daga Gumel aka tura mu Kano, wajen wata likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ta sa shi ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ta nuna mini hannun dama ba ya lilo kamar na hagu. Ta lanƙwasa wuyan hannun, ta ce ya sandare. Sai ta miƙa masa biro. Yana kai hannu, karkarwar ta tsaya cak. Ya mayar kan gwiwa, ta dawo.

"Ciwon karkarwa ne," in ji ta. "Wani sinadari da ke saita motsi ne ya ragu a ƙwaƙwalwa. Ba ya warkewa, amma magani zai sassauta shi, muddin ana sha a kan lokaci."

Na ba ta labarin abin da ake faɗa a gari, ina jira ta taya ni dariya. Ba ta yi ba. Ta juya wajensa.

"Baba, idan yatsun suna motsi, kai kake sa su?"

"Ba ni ba ne, 'yata. Wani sa'in ma tunanin akuyar da ta shiga mini gona nake. Na so in faɗa, na ji nauyin Yaya. Ana yabona kan ibadar da ban yi ba, kuma ni za a tambaya gobe ƙiyama. Wannan ya fi faɗuwar damuna."

Ni kuwa duk tsawon lokacin nan, fashewar goshinsa kawai nake gani.

Magani ya karɓe shi. Masu ratsowa suka ragu, Baffa kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Wata Juma'a na sauka daga mota na same shi a ƙofar gida, carbi a hannu, yana ja ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, leɓensa na motsi. Na durƙusa na jira ya kai ƙarshe. Ya ɗaga mini carbin.

"Wannan kam nawa ne," ya ce.