Rumfa a Ƙofar Gidanmu

Yayana sojan ruwa ne, amma a sama ya yi aikinsa. A helikwaftocin rundunar yake, shi ke tsayawa bakin ƙofa yana zura igiya. Jiragen sun zo sababbi fil shekarar da ya shiga soja, tare suka tsufa. Sun tsamo masunta daga teku, sun ɗauko marasa lafiya daga jiragen ruwa, sun kai abinci arewa lokacin ambaliya. Daga baya suka fara gajiya, ana cire kayan wannan a gyara wancan, har ya rage saura guda. Ni dai na tsani gudan nan. Yaya yakan ce lafiyarsa lau, ɗan tari kawai yake yi da safe. Shi kaɗai ke dariya.

Ina aure a unguwar Atonsu. Wata Juma'a na sauka daga motar haya ta trotro a Alabar, ɗauke da doyar da na sayo wa Mma, mahaifiyarmu. Ina karya kwana na hango rumfa a ƙofar gidanmu. An tare hanya, an jera kujerun roba, malamai na karatu. A unguwarmu ta Zongo, rumfa da malamai babu kiɗa, kowa ya san abin da ya faru. Tsohuwa mai sayar da koko ta riƙe hannuna.

"Kafara, 'yata. Soja ne, ko? Allah ya jiƙan shi."

Ban san lokacin da na yar da doyar ba. Na faɗa gida ina ihu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ga Yaya a tsakar gida, zaune a kan turmi, daga shi sai singileti, yana cin masa.

"Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

Na kai masa duka a kafaɗa, na ƙara, sannan na zube ina kuka. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin wannan ƙaton tumbi ba sai ranar.

Ashe an ajiye jirgin na ƙarshe, an sallami Yaya tare da shi. Mma kuwa tun ranar da ya fara tashi ta yi alwashin cewa duk ranar da ya sauko gaba ɗaya za ta sa a sauke Alƙur'ani. Ba ta faɗa wa kowa ba, har ni. Maƙwabta suka ga rumfa suka yi ta shigowa ta'aziyya, dole Yaya ya sa riga ya fita yana gaisawa da su.

Haushi ya kama ni. "Haba Mma! Ko waya ba za ki yi mini ba?"

Ta ci gaba da zuba wa malamai shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Shekara da shekaru ina fargabar ranar da za a zo a kafa mini rumfar nan," ta ce. "Yau ni na kira su. Shi ya jera kujerun da hannunsa."